Makullin Injiniya Ya Sha Ruwa Sau Biyu

Ba a makaranta Injiniya ya samo sunansa ba. Aikinsa na gaskiya jera fayil ne a wani ofishi mai ƙaramar taga, shekara goma sha tara ke nan. Sunan ya samo asali ne ranar da ya gyara fankar mai askin layinsu, ta tashi tana juyawa da baya, tana kwashe iska daga kan mutane tana kai wa silin. Telan da ke maƙwabtaka da mai askin ya laƙaba masa Injiniya, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, don a ganinsa ai fanka ta juya, kuma da can ba ta juyawa. Shi da bakinsa yake faɗa yanzu, wai ranar da ake rabon basira yana can bayan layi yana yi wa na gabansa bayanin yadda ake rabon.

Surukarsa, mahaifiyar matarsa, wadda kowa ke kira Inna, yanar ido ta rufe mata gani shekara biyu. Bayan wata takwas tana jira, asibitin ido suka sa mata ranar aiki: Talata, ƙarfe tara na safe. An kuma gaya musu ƙarara cewa duk wanda bai iso da fayil ɗinsa kafin tara ba, za a ba na bayansa gurbin, shi kuma ya koma ƙarshen layi ya sake jira.

Duk wata hidima ta Inna, mijin ƙaramar 'yarta ake kira. Mai shagon magani ne, ana ce masa Dakta, ko da yake shi ma ko ƙofar ajin likitanci bai taɓa leƙawa ba. Mutum ne mai sanyin magana, mai zuwa kan lokaci, kuma ba ya kiran Injiniya da wani suna sai Yaya, cikin ladabin da ke ƙara ƙona wa Injiniya rai. Shekara goma sha takwas da auren Injiniya, Inna ba ta taɓa aikensa ko sayen allura ba. Abin yana damunsa ƙwarai, fiye da yadda zai yarda ya faɗa.

To sai ga shi ya sayi mota ta hannu, irin wadda ba a murɗa mata makulli, sai dai a sa rimot a aljihu a danna maɓalli ta tashi. Makulli ɗaya tal aka ba shi. Mai sayarwar ya ce ya je a yi masa na biyu, Injiniya ya ce mutum mai tsari makulli ɗaya ya ishe shi. Da dangi suka zauna maganar wanda zai kai Inna asibiti, tun kafin Dakta ya buɗe baki Injiniya ya miƙe tsaye, ya ce wannan karon shi ne. Ya zana musu tsarin tafiyar dalla-dalla: zai ɗauko ta ranar Litinin ta kwana a gidansa, su tashi bakwai da rabi, su bi wata hanya da babu wanda ya san ta sai shi, su isa kafin ma masu shara su gama. Inna ta ce Allah ya kai mu.

Ranar Litinin ya ɗauko ta kamar yadda ya ce. Ya karɓi fayil ɗin asibitin daga hannun matarsa Malama, mai koyar da lissafi, ya ce mata an san mata da mantuwa, ya sa shi a durowar gaban mota da hannunsa. Bayan azahar ya sauko daga benen da suke haya da bokiti biyu, da soso, da garin sabulu. Akwai masu wankin mota a ƙarshen layi, amma ya ce ba su san darajar fenti ba.

Rimot ɗin yana aljihun gaban rigarsa. Da ya sunkuya zai matse soso ya ji wani abu ya ce ɓulum a cikin bokiti, sai ya ɗauka kumfa ce ta fashe. Lokacin yana tsakiyar yi wa tela bayanin dalilin da ya sa ake fara wanke mota daga rufi, bayanin da ya ci rabin sa'a. Sai da ya tuntsurar da bokitin a bakin kwata ya ga makullinsa ya biyo baƙin ruwa yana walƙiya.

Tela ya leƙo ta saman tabarau ya ce ya cire batirin ya ajiye abin ya bushe, kada ya kuskura ya danna komai. Mai aski ma ya fito da almakashi a hannu ya ce shi ma haka ya ji ana cewa. Injiniya ya yi musu murmushin tausayi.

"Ruwa ba ya son motsi," in ji shi. "In ka danna, matso shi waje kake yi. Ku tsaya ku gani."

Ya danna. Motar ta ƙifta fitilu. Ya sake dannawa, but ya ɗaga da kansa, madubai suka naɗe suka buɗe suka sake naɗewa, hon ya yi kuka sau uku. Injiniya ya waiwayi tela da fuskar wanda ya ci gasa, ya taka a hankali ya rufe but ɗin da tafin hannu ɗaya. Ya ce saura dannawa ɗaya ruwan ya ƙarasa fita. Ya danna, ƙofofi huɗun suka ce ƙit a tare. 'Yar jar fitilar da ke jikin rimot ɗin ta kawo, ta daɗe tana ci, sannan ta mutu.

Ya danna sau ashirin bayan nan, da babban yatsa, da ƙaramin, da farce. Ya ja ƙofar direba, ya zagaya ya ja sauran. Da ya manna goshi a gilashi ya hango durowar gaban mota a rufe, sai a lokacin ya tuna abin da ke ciki. Tela ya tambaye shi ko ruwan ya gama fita. Ya ce ai makullin hutawa yake yi.

Ya haura sama a saɗaɗe. Malama tana ɗaki wajen Inna, yana jin muryoyinsu. Ya taɓa ji an ce shinkafa tana tsotse danshi, don haka ya shiga kicin ya buɗe robar shinkafa, ya tura makullin can ƙasa, ya shafe saman ya daidaita kamar ba a taɓa ba. Ya sauko shagon mai aski ya zauna a benci yana gaya wa masu jiran layi cewa ya sa makullin a wata na'ura ta musamman, nan da awa biyu zai fito garau.

Da ya koma bayan la'asar ya tarar da Malama tsaye a bakin famfon kicin, ga kwanon shinkafa jiƙe a gabanta. Ashe shinkafar ta yi ƙasa, sai ta juye ta duka a kwano ta hau wanki. A hannunta na dama makulli ne, ruwa fari yana ɗiga daga gindinsa.

"Maigida," in ji ta, da muryar da take yi wa ɗalibai idan ta riga ta san mai laifi, "yau da makulli za mu ci shinkafar, ko shi daban zan dafa maka?"

Ya gyara tsayuwa ya fara bayani a kan yadda shinkafa ke jan ruwa daga jikin na'ura, abin da masana suka daɗe da tabbatarwa.

"To ta ja," in ji ta. "Ni kuma na mayar masa, sau uku."

Ta tambaye shi ko motar tana buɗewa. Ya ce buɗewa kala-kala ce. Ta tambaye shi ina fayil ɗin Inna. Ya nuna taga, wajen da motar take. Malama ta ajiye makullin a kan kanta, ta tura ƙofar kicin, ta yi ƙasa da murya. Ta ce mahaifiyarta wata takwas tana ƙirga kwana da yatsu, jikar da aka haifa mata bara ba ta san kamanninta ba sai da shafa, kuma a shekarunta babu mai tabbacin za ta iya wani jiran. Ta ce bari ta kira Dakta, ya san mutane.

Da a ce ta ce za ta kira 'yan kashe gobara da ya yarda. Amma Dakta! Ya roƙe ta, ya haɗa ta da girman zaman da suka yi, ya ce ta ba shi zuwa safiya kawai. Ya san tana da gaskiya, kuma maganarta ta taɓa shi har cikin rai, sai dai girman kai ya riga ya zauna masa a maƙogwaro. Ta juya ta ɗora tukunya.

Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya ta tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau, Inna," in ji shi. "Ana ɗan yi wa makulli sabis ne, ku kwantar da hankalinku."

Ya ɗauki makullin ya koma shagon mai aski, don a nan ne ake da haske da kayan aiki, da kuma masu kallo. Mai aski yana tsakiyar aske wani mutum mai ƙiba, ya gama ɓangare ɗaya na kan. Injiniya ya ari almakashi, ya cusa bakinsa a tsagar rimot ɗin ya murɗa. Abin ya ce ɓas ya rabu biyu. Batirin ya yi tsalle ya faɗi a ƙasa, ya gangara a tsaye ya fice ta ƙofa, ya tsallake dakali ya faɗa kwata, duk suna kallonsa har ya nutse. Injiniya ya ce dama batirin ya gama yayi.

Abin da ya rage masa a tafin hannu shi ne ɓawon roba biyu, da wata 'yar shimfiɗar roba mai laushi ta maɓallai, da ɗan koren allo mai ɗige-ɗige. Ya jera su a kan teburin mai aski ya nemi injin busar da gashi. Mai aski ya ce ya sa shi a ƙaramar iska. Injiniya ya ce ƙaramar iska ta gashi ce, wannan kuwa ƙarfe ne, ya murɗa shi har ƙarshe. Shimfiɗar robar ta tashi sama ta yi juyi biyu, ta sauka wani wuri a cikin tarin gashin da aka share tun safe.

Nan fa manya huɗu suka durƙusa suna tonon gashin mutanen unguwa da yatsu. Mai ƙiba yana zaune a kujera da rabin kai, yana tambaya ko yau za a gama masa. Mai aski ya yi atishawa har sau biyar. Da aka gaji aka haƙura, mai ƙiba ya miƙe zai tafi wani shagon cikin fushi, sai ga robar manne a ƙasan silifas ɗinsa. Injiniya ya ɓamɓaro ta ya hure, ya ce nauyin ma ya taimaka wajen matse ta.

Daga nan ya koma shagon tela, don mai aski ya ɓoye injinsa a bayan madubi. Ya naɗe koren allon a ƙyalle, ya ce danshin da ya shige can ciki sai da zafi, ya ɗora masa dutsen guga. Tela ya ce a ina ya taɓa ganin an goge makulli. Injiniya ya ce shi ya sa tela yake tela. Suna cikin haka wani ƙauri ya tashi, irin na wayar wuta idan ta fara cin kanta, tela ya fizge dutsen gugarsa ya zare shi daga soket.

Allon ya fito da zafi, ya ɗan lanƙwashe. Injiniya ya ari tabaran tela da allura ɗaya, ya matsa bakin ƙofa inda sauran hasken yamma yake, ya hau kankare wani farin abu da sabulu ya bari. A can kusurwar allon ya ga wani ɗan baƙin abu, bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda zafi ya sa ya karkace. Ya sa allura ya ɓalle shi, ya ɗora a kan yatsa, ya zagaya da shi yana nuna wa kowa.

"Ga mai laifin nan," in ji shi. "Datti ne ya toshe hanyar wuta."

Ya hure shi cikin iska. Gaskiya a wannan lokacin har tela sai da ya gyaɗa kai, don abin ya yi kama da aikin masu sani. Injiniya ya haura gida yana jin kansa a sama, ya ci shinkafa har da ƙari.

Da sassafe ya buga wa mai gyaran agogo ƙofa ya samo batir. Batirin ya yi siriri, yana rawa a gurbinsa, sai ya cike wurin da takardar ƙwayar magani mai ƙyalli. Ɓawon biyu suka ƙi haɗuwa, ya naɗe su da baƙin salatif har abin ya koma kamar yatsan da ya ji ciwo. Ƙarfe bakwai daidai ya sauko cikin kayansa mafi kyau, yana ƙamshin turare. Tela da mai aski sun buɗe shago da wuri, abin da ba su taɓa yi ba.

Ya tsaya a gaban mota, ya miƙa hannu, ya danna. Ko fitila ba ta ƙifta ba. Ya matsa kusa. Ya ja baya. Ya kara makullin a haɓarsa ya danna, don ya ji an ce kan mutum yana ƙara wa rimot ƙarfi. Mai aski ya ce wannan ya danganta da kan. Injiniya ya yi kamar bai ji ba, ya zagaya motar sau biyu yana dannawa a kowace taya.

Bakwai da rabi ta yi. Malama ta leƙo ta taga ta koma. Gumi ya keto masa har ya jiƙa wuyan rigar. Ya ruga shagon tela ya ɗauko hangar ƙarfe ta rataye kaya ya miƙar da ita, ya lanƙwasa bakinta, ya cusa ta saman ƙofar direba yana lalube. Da ta shiga rabi sai motar ta ɓarke da kuka, hon da fitilu gaba ɗaya, irin kukan da ke tashin unguwa.

Tagogi suka buɗe. Masu jiran bas a bakin titi, waɗanda ba su san shi ba, suka ga mutum da waya a ƙofar mota tana ihu, suka yo kansa. Wani ƙato ya cafki wuyan rigarsa ya ɗaga shi har dugadugansa suka bar ƙasa. Injiniya yana ta rantsuwa motarsa ce, ƙaton yana cewa in motarsa ce ya buɗe mana. Ya nuna masa makulli, ƙaton ya kalli dunƙulen salatif ɗin ya ƙara matse wuyan rigar.

Tela ya taso a hankali, tef ɗin awo a wuyansa.

"Ku sake shi," in ji shi. "Motarsa ce. Da ɓarawo ne da tuni ya buɗe."

Aka sake shi, amma babu wanda ya tafi. Wasu ma bas ɗinsu ta zo ta wuce suna tsaye. Hangar ta maƙale a ƙofa, ba ta shiga ba ta fita, kuma duk lokacin da motar ta yi shiru ya taɓa ta, sai ta sake ɗaukar kuka. Maɓallin wuyan rigarsa ya tsinke. Ƙarfe takwas ta wuce da minti biyar.

A cikin wannan hali ne Inna ta sauko, Malama tana riƙe da gwiwar hannunta, tana laluben matakala da ƙafa. Ta yi shirinta tsaf. Mutane suka dare suka ba ta hanya. Ta tsaya tana karkata kunne.

"Wannan mai kukan tun ɗazu, ita ce za ta kai ni?"

Injiniya ya rusuna ya ce ƙaramar matsala ce, yanzun nan za a gama. Inna ta miƙa tafin hannu ta ce ya ba ta abin ta ji. Ya waiga hagu da dama, sannan ya ɗora mata. Ta shafa shi, ta samo bakin salatif ɗin da farce ta warware zagaye uku. Yatsunta suka bi bayan ɓawon a hankali, suka tsaya a kan wani ɗan ƙulli. Ta tura shi gefe, ta ja zoben da ke saman, sai ga siririn makullin ƙarfe ya zaro, sabo fil, yana ƙyalli.

Tela ya gyara zaman tabaransa. Injiniya ya ga wannan ƙarfen jiya sarai, kwance a cikin ɓawon, har ya gaya wa mai aski cewa eriya ce.

"Na Dakta ma haka yake," in ji Inna. "In yana tuƙa ni ba na ganin hanya, sai in riƙa wasa da shi."

Daidai nan wani babur ya tsaya. Mai gyaran wutar mota ne, wanda Malama ta karɓi lambarsa a wajen tela tun jiya ta kira, ya ce yana wajen gari sai da safe. Ya karɓi ƙarfen, ya ɓalle ɗan murfin da ke jikin mariƙin ƙofa, ya zura ya murɗa. Ƙofar ta buɗe, hangar ta faɗo a kan takalmin Injiniya. Kafin ya motsa Malama ta shige ta gabansa ta ciro fayil ɗin ta rungume a ƙirji.

Injiniya ya ji ransa ya dawo. Ya faɗa kujerar direba, ya ce wa jama'a ai dama abin da yake shirin yi ke nan, ya taka birki ya danna maɓallin tayarwa. Wani rubutu ya fito a gaban sitiyari cewa babu makulli a cikin mota. Mai gyaran ya ce kada ya damu, ko rimot ya mutu murus, in aka manna shi a jikin maɓallin aka danna da shi, mota tana gane abinta. Aka manna, aka danna. Shiru. Aka juya shi aka sake. Shiru.

Mai gyaran ya ƙarasa warware salatif ɗin, takardar magani ta faɗo, ya ɗaga koren allon sama ya duba shi gaba da baya. Ya shinshina shi. Sannan ya tambaya wane ne ya taɓa abin nan.

Injiniya ya ce wani ne a unguwar. Tela ya yi tari. Mai aski ya ɗaga kai yana kallon wayoyin lantarki.

"Akwai wani ɗan baƙin abu a wannan kusurwar," in ji mai gyaran. "Shi mota take ganewa. Ina yake?"

Mutum uku suka kalli Injiniya, suka kuma kalli iska. Mai gyaran ya girgiza kai. Ya ce da an bar makullin yadda ya fito daga ruwa, jiƙe, a mace, da yanzu an manna shi an tashi mota. Yanzu kam sai an ja ta zuwa gareji an haɗa mata sabo, aikin kwana biyu. Ya faɗi haka ne a gaban tela, da mai aski, da ƙaton, da matarsa, da surukarsa, da mutanen da suka bar bas biyu suka wuce don su ji ƙarshen.

Takwas da minti ashirin da biyar. Daga nan zuwa asibiti rabin sa'a ne in hanya ta yi kyau, kuma a wannan lokacin duk tasin da ta wuce cike take. Injiniya ya kalli Inna tsaye a rana, hannunta a kan na 'yarta, fuskarta tana fuskantar inda take zaton yake. Kunya ta rufe shi, amma tsoro ya fi kunyar: tsohuwar nan za ta koma gida da idanunta a rufe, wata takwas ko fiye, saboda shi. Ya ciro waya. Da yatsan da ya yini yana danne-danne jiya ya danna sunan Dakta.

Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Yaya, ina kwana."

"Dakta, kana ina? Mota ta ƙi. Don Allah ka zo ka kai Inna."

"Ga ni a kwanar layinku, Yaya, bayan shagon mai faci. Tun bakwai nake nan. Inna ce ta ce in tsaya kusa, amma kada in fito sai in kai ne ka kira da kanka."

Injiniya ya sauke wayar daga kunne ya kalli surukarsa. Tana gyara bakin mayafinta kamar ba da ita ake ba. Ba a yi minti ɗaya ba motar Dakta ta sulalo, a wanke, a goge, ya fito ya buɗe wa Inna ƙofa ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ya ja baya ya tsaya kusa da tasa motar, yana shirin zama gadinta. Inna ta sa ƙafa ɗaya ciki ta tsaya, ta ce ina ɗan nan, ya shigo su tafi.

A baya ya zauna, tsakanin Inna da ƙofa, wuyan riga a buɗe, ƙaurin roba bai gama barin yatsunsa ba. Dakta ya bi babbar hanyar da kowa ke bi. Sau biyu Injiniya ya buɗe baki zai ambaci hanyarsa ta sirri, sau biyu Malama ta waiwayo daga gaba, ya mayar da bakin ya rufe. Duk jar fitilar da ta tsayar da su sai ya ji kamar a kan ƙirjinsa motar ta tsaya. Tara saura minti huɗu suka miƙa fayil.

Nas ta kawo keken marasa lafiya aka zaunar da Inna. Ta ce mutum ɗaya kawai zai raka ta ciki, ya tura ta zuwa ƙofar ɗakin tiyata, ya jira a fito da ita. Malama ta miƙe. Dakta ya gyara zaman agogonsa ya matso. Inna ta ɗaga hannu ta ce Injiniya ne zai shiga da ita.

Malama ta ce, "Inna, shi?"

"Shi ya ce zai kawo ni," in ji ta. "Bai kawo ni ƙofa ba, to ya ƙarasa da ni ciki. Dakta yana da shago. Wannan kuwa yau babu inda za shi."

Injiniya ya kama mariƙin keken. Idanunsa suka ciko, ya yi kamar wani abu ne ya faɗa masa. Suka shiga doguwar baranda mai warin magani, nas tana gaba. Ba su yi taku goma ba tayar hagu ta fara ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ, tana ɗan karkata gefe. Ya sunkuyar da kai ya dube ta. Tafiyarsa ta ragu. Hannunsa ɗaya ya saki mariƙin ya nufi aljihu.

Inna ta miƙa hannu baya ba tare da ta juya ba, ta kama wuyan hannunsa ta mayar da shi inda yake.

"Ɗan nan, idona za a taɓa yau. Duk abin da ka ji yana ƙara a gidan nan, ka bar shi ya yi ƙararsa."

Ya ce to, Inna. Tayar ta yi ta kuka har ƙofar ɗakin tiyata. Shi kuwa ya san abin da ke damunta sarai, amma bai gaya wa kowa ba.